Ƙafar Baffa Marwa

Duk wanda ya zauna a Yalwawa ta Dutse a bazarar da ta wuce ya san Baffa Marwa, in bai san sunansa ba ya san muryarsa. Shi ne dogon tsohon nan mai farin gemu da ke tura kurar ruwa daga burtsatsen bakin titi zuwa gidan Fasto Barau, yana tafe yana ba jarkoki labarin kansa. Ƙanin mahaifin Fasto ne. Daga ƙauyensu na bayan Garki aka ɗauko shi bayan rasuwar matarsa, aka ce ya zo birni ya huta.

Hutu kuwa ya sha shi. Gari na wayewa shi ke share harabar coci, don katanga ɗaya ce ta raba cocin da gidan. Ya ɗebo ruwa, ya faskara ice, ya zuba wa awaki dusa, ya wanke motar Fasto, ya jera bencina ranar sujada, ya kwashe su in an tashi. Kuma kada wani ya ɗauki alhaki, ba a taɓa yi masa tsawa ba. A gidan nan ba a tsawa. Mama Liya'atu, matar Fasto, ta riga ta gano lagon tsohon.

"Baffa," sai ta ce, murya kamar an shafa mata zuma, "wannan kututturen ya gagari samarin nan. Na ce su bar shi, ba na yaran yanzu ba ne."

"Miƙo gatarin," in ji Baffa, ya soma naɗe hannun riga. "Ni Marwa? Ni da rijiya ta rufta da ni na fito da ƙafata? Na ci shekarar yunwa da ganyen tafasa, sa'o'ina suka yi ta faɗuwa ina tsaye. Kububuwa ta sare ni a gona, ita aka tarar a mace. Kututture ne zai tsaya a gabana?"

Samarin da kututturen ya gagara kuwa 'ya'yan Fasto ne su biyu. Babban yana kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa, don haka ba a son hannunsa ya yi kanta. Ƙaramin yana shirin jarrabawa, irin jarrabawar nan da ba ta zuwa ba ta wucewa.

Shi Fasto Barau, a faɗi gaskiya, mutum ne. A shekarar nan ya sa an rubuta a ƙyalle an rataya a bayan mumbari: SHUGABA BAWA NE. Kuma ba a ƙyalle ya bar maganar ba. In ana ginin coci, da shi ake ɗaukar bulo a ka. In mace ta kama naƙuda a unguwa, ko Kirista ko Musulma, motarsa ce ke kai ta asibiti. Ranar da aka rufe taron dattawa, shi ya tsuguna ya wanke kwanonin da aka ci abinci, mutane na kallo suna girgiza kai don sha'awa. Sai dai ruwan da ya wanke kwanonin da shi, ba wanda ya tambayi wanda ya turo shi daga bakin titi.

Ana sauran 'yan makonni Ista aka sake rufin coci. Masu aiki suka watsar da tsofaffin katako a bayan gida, Mama ta ce ai asara ce a bar su, ga murhu na neman ice. Baffa na cikin kwasa ya taka wata ƙusa mai tsatsa. Ta ratsa silifa, ta shige tsakanin 'yan yatsun ƙafarsa ta dama. Ya zauna ya zare ta da hannunsa, ya dube ta ya ce, "Ke kuma a su wa?" Ya barbaɗa toka, ya yago tsumma ya ɗaure, ya koma kan katakonsa.

Wanda ya fara lura shi ne Malam Falalu, mai kantin da ke kallon ƙofar coci. Su biyun kullum cikin tsokanar juna suke, Falalu na kiransa Sarkin Ƙarfi, shi kuma yana kiran Falalu Sarkin Zaune.

"Sarkin Ƙarfi, yau kuma sabuwar rawa aka fito da ita a cocin naku? Na ga kana ɗingishi kamar an ɗaure wa jaki ƙafa."

"Taku ne na manya, Sarkin Zaune. Kai da ba ka tashi, ina za ka san salon tafiya?"

"Allah ya ba ka haƙuri. Amma dai tsumman nan ya jiƙe, kuma ba da ruwan jarka ba. Je ka a duba maka."

"Ƙusa ce fa. Ƙusa! Abar da ake bugawa a ka ta shige ba ta ce uffan ba."

Jiki magayi. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga silifa, sai da Baffa ya yanke maɗaurin ya ɗaure da igiya. Ya dafa ganyen sabara ya gasa, ya shafa man kaɗanya, abin sai gaba yake yi. Ƙaluluwa ta fito masa a matsematsi. Kurar da a da yake kawowa a numfashi ɗaya, yanzu sai ya tsaya a gindin dabinon da ke kwanar titi, ya sake tsayawa a ƙofar Falalu yana yi kamar hira ce ta tsayar da shi.

Wata safiya yana goge motar, Fasto ya fito da sauri, waya a kunne, jaka a hammata. Baffa ya daɗe yana juya maganar a bakinsa, don a tsawon rayuwarsa bai taɓa kai ƙarar jikinsa wurin kowa ba. Ya yi gyaran murya.

"Barau, ƙafar nan tana so ta raina ni."

"Wace ƙafa, Baffa?" in ji Fasto, yana buɗe ƙofar mota. "Kai da ƙarfe? Ai abin da zai raina ka ba a haife shi ba." Ya zura hannu a jaka ya miƙo masa ƙwayoyin zazzaɓi. "Haɗiyi waɗannan. Asibiti zan yi yanzu, an kwantar da wani ɗan'uwa a ikilisiya, ba shi da kowa, abin tausayi. Bari hidimar Ista ta wuce, ni da kaina zan kai ka a duba ka tun daga kai har ƙafa. Af, tayar baya ba ta fita ba, Baffa."

Baffa ya tsuguna ya wanke tayar baya. Shi ke nan, ya faɗa. Tsoho mai ji da kansa sau ɗaya yake faɗar ciwonsa, in ba a ɗauka ba ya mayar da abinsa ciki.

Daga nan sai wari ya soma. A da a baranda ake ajiye masa tuwonsa. Ranar nan Mama Liya'atu ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Baffa, ko ɓera ne ya mutu a ɗakinka? Ka duba mana." Da ta fahimci ba ɓera ba ne, sai ta mayar da kwanonsa gindin darbejiya kusa da turken awaki, ta ce can ya fi iska. Ƙudaje suka sami abokin hira. Zazzaɓi na kama shi da yamma ya sake shi da safe, daidai lokacin ɗibar ruwa.

Falalu ya kasa haƙuri. Ya rufe kanti, ya tsaya a zaure ya yi sallama, Mama ta leƙo.

"Mama, ba shisshigi ba ne, maƙwabtaka ce. Ƙafar dattijon nan ta wuce toka da tsumma."

"Wayyo Malam Falalu, ai ka san Baffa. Ba ya son asibiti, in ka ambaci allura sai ya yi fushi. Kuma irinsu aiki ne ke riƙe su. Ranar da ka zaunar da shi, ranar ciwo zai kwantar da shi. Mu da muke tare da shi mun san halinsa. Kullum yana cikin addu'armu."

"To a haɗa addu'ar da mota mana, tun da akwai ta."

"Bayan Ista, in Allah ya yarda. Yanzu Fasto ko abinci a tsaye yake ci."

Falalu ya koma kantinsa yana cewa a ransa, wannan ita ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Ya ce wa Baffa ya hau bayan babur ɗinsa su tafi kawai. Baffa ya zaro ido. "In bar gidan ɗana, a ce maƙwabci ne ya kai ni asibiti? Ka so a zagi Barau a gari ke nan. Sarkin Zaune, zauna."

A cocin nan akwai al'ada. Ranar Alhamis ɗin da ke gaban Ista, da la'asar, akan zaɓi mutum goma sha biyu su zauna a dogon benci a gaban jama'a, Fasto ya tuɓe kwat, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa ya wanke musu ƙafa ɗaya bayan ɗaya, tunawa da yadda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa. Tun ranar Lahadi ake sanar da sunayen, kuma daga ranar gidajen mutanen nan ba su da sauran sukuni. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a dirje kaushi da dutse, a yanke farce, a shafa mai a sa safa a kwana da ita. Wani dattijo har sabon takalmi ya saya, wai kada ƙurar tsohon ta ɓata masa aiki a hanya. Kowa na gudun a ce ya miƙa wa Fasto ƙafa mai faso. Saboda haka in ranar ta zo, ƙafafun da suka fi kowace ƙafa tsabta a Dutse su ake jerawa a wanke.

Ruwan kuwa sai an ɗumama shi, kuma kowane mutum da sabon ruwansa. Mama ta ce, "Baffa, ba wanda ya iya daidaita zafin ruwan nan kamar kai. Bara da samarin suka yi, saura kaɗan su sale wa mutane fata."

"Ai dafa ruwa ma ilimi ne," in ji Baffa, amma a wannan karon bai ambaci rijiya ko kububuwa ba.

Ranar ta zo da zafin da duwatsun Dutse ke dafa ƙwai. Coci ya cika, 'yan zumuntar mata sun yi anko, mawaƙa na rera waƙa a hankali. Baffa ya hura wuta a bayan coci, yana jido bokiti yana shigowa ta ƙofar gefe, ya ajiye kusa da mai zuba ruwa, ya ɗauki wanda aka yi amfani da shi ya fita. Kowace shigowa sai ya ga bencinan sun ƙara nisa. Da ya kawo bokitin ƙarshe sai ƙasa ta juya masa. Ya lalubi abin dafawa, hannunsa ya faɗa kan dogon bencin nan, can ƙarshe inda ɗan wuri ya rage. Ya zauna, da niyyar in jirin ya wuce ya tashi.

Fasto Barau kuwa yana tafe a kan gwiwoyinsa. Ya cire tabarau saboda gumi, kansa a sunkuye, don shi ne ya koyar da cewa bawa ba ya ɗaga ido ya kalli wanda yake yi wa hidima. Wani dattijo na biye da shi riƙe da abin magana a saitin bakinsa, yana wanki yana wa'azi, lasifika na kai muryar har kantin Falalu.

"Shugaban da bai san ƙafafun mutanensa ba," in ji shi, "bai san inda suke takawa ba."

Jama'a suka ce, "Amin!"

Ya goge ƙafar mutum na ƙarshe, ya ja daro gaba kamar yadda hannu ya saba, sai ga wata ƙafa naɗe da tsumma. Ya ɗan tsaya. Ya ɗauka dattawa ne suka shigo masa da wani miskini daga titi don su gwada shi, zuciyarsa ta yi fari da samun wannan dama. Mai riƙe da abin magana ya buɗe baki zai yi magana, Fasto ya ɗaga masa hannu. Ya soma warware tsumman a hankali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsumman ya manne, da ya ɓanɓaro shi sai warin ya tashi, na bencin gaba suka ja da baya. 'Yan yatsun sun yi baƙi ƙirin, ƙafar ta kumbura tana ƙyalli har idon sawu.

Muryar Fasto ta karye, hawaye na gaske suka zubo masa.

"Jama'ar Allah, ku dubi wannan! A garin nan, muna ci muna sha! Wannan bawan Allah ba shi da kowa ne? Ina danginsa? A gidan wa yake kwana, da aka zuba masa ido har ya kai haka?"

Waƙa ta tsaya. Mai jita ya sunkuyar da kai.

Mama Dinatu, shugabar zumuntar mata, tsohuwar da ba ta tauna magana, ita ta amsa daga inda take zaune.

"Fasto, ɗaga kanka."

Ya ɗaga. Baffa Marwa na kallonsa, idanu sun yi ja don zazzaɓi, gemu na ɗigar gumi, amma bakin nan bai mutu ba.

"Wanke mana, Barau," ya ce, "kada ruwan ya huce. Da wahala na daidaita shi."

Mota dai ga ta a ƙofar gida, a wanke tas, har tayar baya. Ba a jira Ista ba.

A asibiti likita ya duba ƙafar ya dubi waɗanda suka kawo ta. Ya ce me ya hana a zo da wuri? Mama Liya'atu ta ce wallahi Baffa ɓoye ciwo gare shi, bai faɗa wa kowa ba. Fasto ya kawar da kai. Baffa yana kwance yana kallon rufi, bai ƙaryata kowa ba. Washegari aka shiga da shi ɗakin tiyata, aka fito da shi babu 'yan yatsun, babu rabin tafin ƙafar. Likita ya ce a gode wa Allah da abin bai haura gwiwa ba.

Ba za a ce Fasto bai ji kunya ba. Ya ji, har ya rame. Ya riƙa zuwa yana zama a bakin gado, yana ba Baffa kunu da hannunsa, yana neman gafara. Ranar Lahadi ya hau mumbari ya ba da labarin duka, bai rage wa kansa komai ba, mata suka yi ta share hawaye. Wa'azin ya yi daɗi har labarinsa ya fita gari. Aka gayyace shi Haɗeja ya maimaita, aka gayyace shi Kano. Ƙafar Baffa ta yi tafiyar da ba ta taɓa yi ba lokacin da take cikakkiya. Da tafiye-tafiyen suka yi yawa, sai zaman bakin gadon ya koma hannun Malam Falalu, wanda ke rufe kanti da azahar ya zo da fura.

Ranar nan Falalu ya shigo ɗakin marasa lafiya, bayansa wata tsohuwa siririya da ƙunshin kaya a ka. Gaji ce, ƙanwar Baffa, wadda ke zaune ita kaɗai a ƙauye tun da 'ya'yanta suka watsu.

"Ta zo ta tarar da gidan a rufe, an tafi taron addu'a," in ji Falalu, "shi ne na ce ta fara ganin ka."

"Yaya, sannu. Sannu da jiki," in ji Gaji. "Matar Barau ce ta aika mini, wai in zo in yi jinyarka, in kuma huta da wahalar ƙauye. Ta ce tun da ka kwanta randunan gidan suka bushe, yaran yanzu ba abin da suka iya. Na ce ni Gaji? Ni da na haihu a gona na tashi na ƙarasa noman? Ni da na yi dakan biki ni kaɗai, taɓarya ta tsage ban tsaya ba? Ruwan gida ɗaya ne zai..."

Ta kai hannu za ta sauke ƙunshin.

"Kada ki sauke," in ji Baffa.

"Yaya?"

"Na ce bar shi a kanki." Ya yunƙura ya zauna, ya yaye zanen da ya rufe ƙafarsa. Gaji ta dubi dunƙulen bandejin, ta dubi inda ya kamata ya kai da inda ya tsaya. Ta dafe ƙirji.

"Ƙafar nan ma haka ta riƙa cika baki," in ji Baffa. "Gidanmu ba a iya cewa ba za a iya ba, shi ya sa kowa ke son mu. Sarkin Zaune, yau ga aikin tashi ya same ka. Ɗauke ta a babur ka kai ta tasha, ka sa ta a motar Garki, kada ka bar wurin sai ka ga ƙurarsu. Ke kuma ki share mini ɗakina, ki fito da irin gero ki shanya. Ana sallama ta ina tafe."

"Da wannan ƙafar za ka yi noma?"

"A zaune zan yi. In nuna da sanda, ke ki yi, tun da kin ce ke ce Gaji. Amma gonarmu ce, in kin ji jiki ki zauna, ba mai yi miki kirari."

Haka aka yi. Fasto ya dawo daga Kano ya yi ta roƙo, ya ce yanzu ne ma za a huta da gaske. Baffa ya ce ya gode, hutun farko ma bai gama warkewa daga shi ba. Kafin ruwan shuka ya sauka yana ƙauye, yana dogara sanda, yana ba yara labarin yadda ƙusa ta ci rabin ƙafarsa ta ƙoshi ta bar masa saura.

A gidan Fasto kuwa, da Mama Liya'atu ta tabbata ba mai zuwa daga ƙauye, ta leƙa randa ta ga ƙasanta, ta dubi mai jita ta dubi mai jarrabawa. Sai ta yafa mayafi ta fita ƙofar gida ta ɗaga murya.

"Mai ruwa!"

Nan take wani ɗan garuwa ya juyo da kurarsa ya shigo, ya cika randunan, ya tafi. Ashe kullum 'yan garuwa ta ƙofar gidan suke wucewa.